Mai Sauraron Wayar Tasha

Da hantsi aka jawo motar zuwa tasha. Ba kaya a bayanta, gilashin gaba ya tarwatse, direban kuma yana kwance an ɗaure masa cinya da tsumma, jini ya jiƙe shi sharkaf. Ba wannan ne karon farko ba, shi ya sa ba wanda ya tsaya tambayar me ya faru. Tambayar kowa ita ce, wa ke gaya wa ɓarayin hanya?

Hanya biyu ce ke fita daga garin, ta sama da ta ƙasa. Ciyaman na direbobi ba ya faɗin wadda za a bi sai an gama lodi. Shi kaɗai zai shiga ofis ya turo ƙofa, ya ɗauki wayar tasha, ya gaya wa tashar da ke bayan duwatsu ga mota nan ta hanya kaza, su fito tarya. Amma duk wadda ya zaɓa, can za a tarar da ɓarayi sun riga sun zauna, kamar shi ya aika musu.

Garin ba ya samun sabis na waya, duwatsu sun tare. Ƙungiyar direbobi ce ta kafa nata: farantin aika magana a kan rufin ofis, dogon ƙarfe a kan dutse, wani ƙarfen can gaba, magana na tsallakawa daga wannan zuwa wancan har ta isa. Mutum ɗaya ne kuma, Mai Gadi, ke zama a gindin ƙarfen dutse da makulli a aljihu. To, ka san mutane in ransu ya ɓaci ba sa dogon lissafi. Kafin rana ta take, samarin tasha sun hau sun sauko da Mai Gadi, sun fasa masa baki, sun jefa shi sito. Ciyaman ya sa kwaɗo ya ce ba mai ƙara taɓa shi, gobe da yamma 'yan sanda za su zo su tafi da shi.

Mai Gadin nan kuwa mijin Auta ne, 'yar Mai Sawu.

Mai Sawu yana tsakar gida yana gyaran igiyar guga ta faɗo masa, ga tsohon ciki, ko takalmi babu a ƙafarta. Tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga ya koma bin sawu. Saniya ta ɓata, an haura katanga, yaro ya bi makiyaya, shi ake kira. Ya bar ta ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ya tambaye ta abu ɗaya: mijinta ya taɓa shigo mata da abin da ya fi ƙarfinsa?

"Baba, ko sabulu sai na yi masa tuni."

Ya ce ta sha ruwa ta zauna wurin uwarta. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ta ramin ƙofar sito suka yi magana da surukin nasa. Muryar yaron ta canza saboda kumburin leɓe. Ya rantse bai taɓa sauraron maganar Ciyaman ba. Gaskiya ne akwai abin sawa a kunne a cikin akwatin ƙarfen, amma na masu gyara ne, shi ko inda ake jona shi bai sani ba. Aikinsa goge farantan sola da korar birai.

Mai Sawu ya hau dutsen da kansa. Ya zagaya ƙarfen, ya duba hanyar hawa, ya duba ta bayan da awaki ke bi. Ban da turmutsitsin samarin da suka zo kamu, ba sawun kowa sai na Mai Gadi. Ya so ya ga baƙon takalmi ko guda ɗaya, bai gani ba. Ya sauko yana sane cewa abin da ya gano bai wanke yaron ba, sai ma ƙara ɗaure shi da ya yi.

Daga nan bai wuce ko'ina ba sai bencin Tsohon Direba, a ƙofar shagon kayan gyaran da yake ɗan taɓawa tun da ya bar tuƙi. Abokinsa ne tun suna yawo ba wando. Shi ne mutumin da in Mai Sawu ya dawo daga daji yake zama wurinsa ya ba shi labarin yadda ya bi ɓarawo, inda ɓarawon ya yi wayo da inda wayon ya ƙare.

"Mai Hanci, yau kuma me ka shinshino?" in ji Tsohon Direba, yana matsa masa wuri.

"Ƙafafun surukina kawai, mutumina. Da ma ban hau ba."

Tsohon Direba ya girgiza kai, ya ce yaron nan ko kaza ba zai iya yankawa ba sai ya nemi afuwarta. Ya zuba masa shayi. Can ya rage murya ya ce shi fa ba ya son ɗaukar alhakin kowa, amma ai akwai wanda ya taɓa bugun ƙirji a nan tashar cewa duk muryar da ke yawo a iska zai iya kamo ta.

Mai Rediyo ke nan. Shagonsa ɗan ƙarami ne, rediyoyi a farke ko'ina kamar an yi musu fiɗa, ƙamshin dalma ya cika wurin. Da ya ga wanda ya shigo sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Da aka matsa shi ya amsa cewa e, lokacin da aka kafa farantin ya gwada, don dai ya ga gwanintarsa. Ya haɗa eriya da waya har da murfin tukunyar matarsa, ya hau rufi, bai kamo komai ba sai shuuu, sai kuma faɗan da matar ta yi masa kan murfin.

Mai Sawu bai saurari rantsuwar ba. Ƙafafun mutumin ya kalla, da tayar kekensa da ke jingine a ƙofa. Ba ƙaya, ba jar ƙasar bayan gari, tafin ƙafa sumul kamar na jariri. Wannan ko ƙofar gari bai cika fita ba. Ya ce masa ya mayar wa baiwar Allah murfinta, ya fito.

Washegari da safe Injiniyar da ta kafa kayan ta iso a motar farko. Mace ce mai saurin magana, da jaka a baya. Tana buɗe akwatin ofis ta juyo ta tambayi Ciyaman ina kullen da ta sa wa layin. Ashe akwai abin da ta haɗa wanda ke cuɗa magana kafin ta tashi, ko wani ya tsince ta a hanya ba zai ji komai ba sai hayaniya. Ciyaman ya sosa ƙeya. Ya ce abin yana sa murya ta makara, kana magana kamar kana cikin rijiya, shi ne ya sa aka kashe shi. A wannan dajin wa zai saurare su, birai?

Sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga, kuma kowa a ofis ɗin ya san wa ya tsaga shi.

Mai Sawu ya tambaye ta ko dole sai a gindin ƙarfe ake iya jin maganar. Ta ciro tocila daga jaka ta haska bango. Ta ce wannan magana ba irin ta rediyo ba ce da ke watsuwa ko'ina. Siririya ce, kamar hasken nan, daga faranti zuwa faranti take tafiya a miƙe. Wanda ke gefe ba zai same ta ba, shi ya sa Mai Rediyo ya sha wahalar banza. Amma wanda ya sa wani abu a kan hanyarta, a wuri mai tsayi, zai iya ɗiba.

"To ashe tana da hanya," in ji Mai Sawu. "Na bi saniya, na bi mutum, yau kuma zan bi iska. Ke nuna mini ta sama, ni zan duba ta ƙasa."

Suka tashi daga ƙarfen dutse suka nufi na gaba. Ita tana riƙe da wata 'yar na'ura tana cewa dama kaɗan, hagu kaɗan, shi kuma idonsa a ƙasa. Suka ratsa gonaki, suka tsallake busasshen rafi, ƙaya ta yage mata gefen riga ba ta ko kula ba. Rana ta fara zafi suka hango wani tudu, da tsohon tankin ruwa a kansa, na masu fasa dutse da suka tashi tuntuni. Injiniya ta tsaya. Ta kalli ƙarfen baya, ta kalli na gaba, ta ce tankin nan yana tsakiyar layi daidai.

Ita ta hau tsanin. Ta sauko da wani ɗan akwati da ƙaramin faranti kamar faifai, an shafa musu laka don kada su yi ƙyalli, da doguwar waya da aka nannaɗe aka ɓoye a bayan ƙafar tankin. Ta ce duk wanda ya zauna a ƙarƙashin nan ya jona abin kunne, to kamar yana cikin ofis ne tare da Ciyaman.

"Nawa ya ƙare, Baba. Akwatin nan ba zai faɗi sunan mai shi ba. Sai dai ka tambayi ƙasa."

Ƙasa kuwa an rufe mata baki. An share gindin tankin da reshe, kuma da baya-baya mai sharar ya yi ta, yana tafiya yana goge na ƙafarsa. Babur ɗinsa a kan falalen dutse yake ajiyewa, inda taya ba ta barin zane. Ko tokar sigari, ko ɓawon gyaɗa babu. Mai Sawu ya tsuguna ya daɗe. Ɓarawon da ya san wannan duka, ko dai ya taɓa bin sawu, ko kuma ya daɗe yana zama da mai bi.

Ya faɗaɗa zagayen. A bayan wani dutse, inda inuwa ke sauka da rana, akwai yashi mai laushi da ruwa ya tara. Nan ya gani. Ba sawun tafiya ba ne. Wurin goshi ne da hanci, ga gwiwoyi biyu, ga yatsun ƙafa sun kafe a baya, duk suna fuskantar alƙibla. Mutumin yana zaman sauraro lokacin sallah ya riske shi, ya zagayo nan ya ba da farali. Ya tuna ya share laifinsa, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa sallah ma tana barin sawu ba.

Hannun dama ya fito sarai, tafi da yatsu biyar. Na hagu kuwa babu tafi. Gaɓoɓin yatsu huɗu ne a jere, na hannun da aka dunƙule aka dafa.

Mai Sawu ya zauna daɓas a kan yashin. Ya san hannun nan. Shi ya ciro mai shi daga cikin mota shekarun baya, ranar da ta kife a gangare, wuyan hannun ya karye ya ɗoru a sandare, ba ya lanƙwasuwa baya. In mutumin yana tafiya ko yana cin abinci ba za ka lura ba. Sai in kai ne ke tsayawa a hagunsa a sahu, shekara da shekaru, kana ganin dunƙulen nan kusa da tafinka duk sujada.

Injiniya ta tambaye shi ko jiri ne, ta miƙo masa ruwa. Ya ce rana ce. Ya sari rassan ƙaya ya kewaye wurin, ya ce ta koma ta gaya wa Ciyaman ya zo da mutane, har da Mai Gadi, har da Mai Rediyo, har da dattawan tasha kada a bar kowa. Shi zai jira a nan.

Da ta tafi ya yi ta juya abin. Ya nemi wani mai irin hannun a duk garin da ƙauyukan kewaye, bai samu ba. Ya ce a ransa ko ya sa ƙafa ya goge, ai akwatin kaɗai ya isa ya nuna ba a gindin ƙarfe ake sauraro ba. Amma ya san mutanen tasha. Za su ce Mai Gadi ne ya nuna wa ɓarayi layin, tunda shi ke kallonsa kullum daga sama. In ba a kama wani ba, yaron ne zai tafi, Auta ta haihu mijinta na tsare.

Bayan azahar sosai suka iso, mota guda cike. An sauko da Mai Gadi hannu a ɗaure. Injiniya ta nuna akwatin ta yi bayani, kuma kamar yadda Mai Sawu ya zata, nan take wani ya ce ai da ɗan gari akan ci gari, wa ya san layin in ba mai zama a kan dutse ba? Mai Rediyo ya fara rantsuwa kuma. Ciyaman ya juyo ya ce Mai Sawu ya faɗi abin da ya gani.

Ya ce a bari tukuna, la'asar ta yi, ga ruwa a jarka.

Ana alwala ya matsa kusa da Tsohon Direba, ya zuba masa ruwa da hannunsa. Ya yi magana yadda ba mai ji sai su biyu.

"Mutumina, in akwai abin da kake so ka faɗa da bakinka, yanzu ne. Zan tsaya maka iyakar iyawata."

Tsohon Direba ya kalle shi ido cikin ido, ya yi 'yar dariya. "Rana ta taɓa ka, Mai Hanci. Ni dai tausayin Auta nake ji. Wa ya san cikin yaran yanzu?"

Mai Sawu ya ajiye butar. Da ma a ce zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Ba tabarma, a kan yashi aka yi sahu. Mai Sawu ya tsaya inda ya saba tsayawa, a hagun Tsohon Direba, yana neman gafarar Allah a zuciyarsa, don bai taɓa tsammanin zai yi sallah rabin hankalinsa na kan hannun wani ba. Da aka sallame ya ce kowa ya ja da baya a hankali, kada a taka gaban sahu. Sannan ya janye ƙayar nan ya kira Ciyaman da dattawa. Ya nuna musu sawun sujadar da ke bayan dutse. Ya dawo da su ya bi sahun da sanda, tafi biyu, tafi biyu, tafi biyu, har ya zo kan wanda ke da tafi ɗaya da dunƙule ɗaya. Bai ambaci suna ba. Kowa ya san wanda ya tsaya a wurin.

Tsohon Direba ya kalli hannunsa na hagu kamar yau ya fara ganinsa. Da farko ya ce wucewa ya yi sallah ta kama shi. Ciyaman ya tambaye shi wucewa zuwa ina, tudun da ba hanya? Sai ya bar wannan. Ya ce shekara nawa shi ke gaban ayari, shi ke zaɓen hanya, ba a taɓa tare motar da ya ja ba. Ranar da aka ɗora faranti a rufi aka ce ya huta, ko sallama ta kirki ba a yi masa ba, har ofis aka hana shi shiga. Ɓarayin ne suka zo suka same shi, su suka hau suka ɗaura akwatin, shi nasa zama da sauraro. Sun yi masa alkawarin kaya kawai za su ɗauka, ba za su taɓa rai ba.

"Yaron da ke kwance da harsashi a cinya fa?" in ji Ciyaman. "Kai ka koya masa tuƙi."

Samari suka yunƙura, dattawa suka shiga tsakani, aka kwance igiyar hannun Mai Gadi aka ɗaura a na Tsohon Direba. Da za a sa shi a mota ya waiwayo.

"Da ka rufa mini asiri, Mai Hanci. Ni da kai fa."

"Jiya na zo maka da kukana, ka ba ni shayi," in ji Mai Sawu. "Dabarar sharar nan ma a bakina ka ji ta."

A hanyar dawowa Injiniya ta gaya wa Ciyaman yau ɗin nan za ta mayar da kullen, kuma ko muryarsa za ta fito kamar daga ƙasan rijiya, haka zai haƙura. Za a rushe tsanin tankin, a riƙa bin ƙarƙashin layin ana dubawa lokaci-lokaci. Ciyaman ya ce to, to. Ya je wurin Mai Gadi ya ba shi haƙuri, yaron ya gyaɗa kai kawai, bakin ba ya buɗuwa.

Mai Sawu ya kai surukinsa har gida. Auta na ganinsu ta yi hamdala, ta zaunar da mijin a kan turmi, ta kawo ruwan ɗumi da tsumma ta fara gasa masa fuska tana yi masa faɗan me ya hana shi gudu. Sai da hankalinta ya kwanta ta tambayi mahaifinta wane ne mai laifin.

Mijin ne ya faɗa mata, a hankali, ta gefen leɓe.

Ta tsaya da tsumman a hannu, ruwa na ɗiga a zaninta.

"Baba Direba? Wurinsa fa na fara zuwa jiya kafin in zo gida. Shi ya share mini hawaye da hannun rigarsa, ya ce in je in gaya maka, kai kaɗai za ka iya gano mai laifin."

Mai Sawu ya jingine sandarsa a bango, ya karɓi tsumman daga hannunta, ya ce ta je ta zauna ta huta da cikin nan. Ya tsoma shi a ruwan, ya matse, ya ci gaba da gasa wa yaron fuska.